Shari'ar alade da mulkin Furitanawa a Amurka

A shekarar 1636 wata macen alade ta ɓace a garin Boston, aka kamo ta aka kai wa Kyaftin Robert Keayne, ɗaya daga cikin manyan attajiran garin, ya tsare kafin mai ita ya fito. Ya sa aka yi cigiya, mutane suka yi ta zuwa suna dubawa, har shekara ta kusa zagayowa ba wanda ya ce tasa ce. Shi ma yana da tasa a garke ɗaya da ita. Sai da ya yanka tasa sannan wata mata mai ƙaramin ƙarfi, matar Richard Sherman, ta zo ta duba wadda ta rage, ta ce ba ta ga alamun tata a jikinta ba, don haka tata ce Kyaftin ya yanka ya cinye. Dattawan coci suka zauna suka wanke shi. Kotun gari ta wanke shi. Shi kuwa bai bar kaza cikin gashinta ba, ya shigar da ƙarar ɓata suna, aka yanke masa diyyar fam 20, kuɗin saniya guda a shekarun nan.

Magana ta ƙi mutuwa. A 1642 ta isa Babbar Majalisa, wadda ita ce majalisar dokoki kuma ita ce kotun ƙoli a mazaunin Masachusets, aka kwashe kwana bakwai ana sauraron shaidu a kan alade ɗaya. Da aka zo ƙuri'a, wakilan garuruwa 15 da alƙalai 2 suka goyi bayan matar, alƙalai 7 da wakilai 8 suka goyi bayan attajirin. Sha bakwai ta fi sha biyar, amma alƙalan suka ce babu hukuncin da zai tabbata sai mafi yawansu su alƙalan sun yarda. Wakilai suka ce to zaman me suke yi a zauren? Shekara biyu ana wannan ja-in-ja. A watan Maris na 1644 aka raba majalisar gida biyu, alƙalai su zauna daban, wakilai daban, kuma doka ba ta wucewa sai kowane ɓangare ya amince. Har yau majalisar jihar Masachusets gida biyu ce, kuma tsohon sunan nan take amsawa.

Duk watan Nuwamba, idan Amurkawa suka zo bikin godiyarsu na shekara, akan tayar da tsohuwar gardama a kan mutanen nan, wato Furitanawa, Kiristocin Ingila da suka kafa mazaunin. Wasu na ɗaukarsu kakannin 'yanci, wasu na ɗaukarsu azzalumai da suka rataye mutane da sunan maita. A ganina shari'ar aladen nan ta fi duka biyun faɗin gaskiya. Abubuwan da suka ɗore daga mulkinsu, wato zaɓe duk shekara, doka a rubuce, haraji da yardar masu biya, ƙwatarsu aka yi daga hannun shugabanni. Waɗanda suka ƙwata kuwa ba su taɓa shakkar tsoron Allah na shugabannin nan ba, sun dai ƙi yarda a ce tsoron Allah na mai mulki ya isa ya tsaya a madadin doka. Inda tsarin ya ruɓe, ya kuma zubar da jini, shi ne inda aka ɗaure haƙƙin mutum a jikin shaidar imaninsa.

Furitanawa Kiristocin Ingila ne 'yan Furotesta da ke ganin cocin ƙasarsu bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba: rigunan limamai, durƙuso wurin karɓar jibi, manyan limamai da sarki ke naɗawa. Sunan ma abokan hamayya ne suka laƙaba musu don ba'a, ma'anarsa masu son tsarkakewa. Wani ƙaramin rukuni ya yanke ƙauna ya ware daga cocin gaba ɗaya, ya zauna a Leiden ta ƙasar Holan daga 1609, sannan wasunsu suka shiga jirgin Mayflower a 1620, fasinjoji 102, suka kafa Plymouth. Babban rukunin, wanda ya fi kuɗi da ilimi, ya biyo baya ya kafa mazaunin Masachusets a 1630 ƙarƙashin lauya John Winthrop, jirage 11 da mutum wajen 700, bayan Sarki Charles na Ɗaya ya sallami majalisar Ingila a 1629, William Laud, babban limamin Landan, kuma yana farautar masu wa'azinsu. Cikin shekara goma kimanin mutum 20,000 suka ƙetara teku.

Mutanen Plymouth sun iso a watan Nuwamba, lokacin da ba a shuka ba a gini. Kafin sanyi ya wuce kusan rabinsu sun mutu, da ciwon ƙirji da cutar nan mai ruɓar da dasashi da rashin ɗanyen ganye ke kawowa. Abin da ya ceci sauran shi ne sun sauka a kan gonakin da aka riga aka share. Ƙauyen 'yan asalin ƙasar ne mai suna Patuxet, wanda annobar 1616 zuwa 1619 ta ƙarar da mutanensa. Wanda ya tsira, Tisquantum, ya tsira ne saboda wani matuƙin jirgi Bature ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen don sayarwa, kuma a wannan yawon ya koyi Turanci. Shi ya nuna musu noman masara. Ana jira sai kifi ya fara haurowa rafi daga teku a farkon bazararsu, a tara ƙasa tsibi-tsibi da tazarar babban taku, a binne kifi biyu ko uku a kowane tsibi a matsayin taki, a jefa ƙwaya huɗu ko biyar. Idan masara ta ɗago sai a shuka wake a gindinta ya hau kara, a sa kabewa a tsakani ta rufe ƙasa ta danne ciyawa. Inda ake asara shi ne makonni biyun farko: kafin kifin ya ruɓe, kyarketai da karnuka na bin wari su tone tsibin, don haka sai an kwana ana gadin gona. A 1621 sun shuka eka 20 na masara ta yi kyau, eka 6 na sha'ir da waken Ingila kuwa, waken ko tsinka ba su yi ba.

Akwai wani labarin Plymouth da 'yan siyasar Amurka ke son kawowa. Shekarun farko noman gandu aka yi, kowa ya yi aiki a gona ɗaya, amfani ya shiga rumbu ɗaya. Gwamna William Bradford ya rubuta cewa samari sun riƙa ƙorafin suna wahala don matan wasu da 'ya'yan wasu, matan aure kuma suna jin haushin yi wa gardawan da ba mazajensu ba wanki. A 1623 ya yanka wa kowane gida gayaunarsa gwargwadon yawan bakunan da ke cikinsa, sai ga mata da goyo a gona, masara ta ƙaru. Masu kawo labarin sukan ce wai gurguzu ne aka gwada ya faɗi. Sun manta cewa gandun sharaɗi ne na 'yan kasuwar Landan da suka zuba jari, don su tabbatar komai ya taru wuri ɗaya a biya su. Bashin nan ya bi mazaunin shekara fiye da ashirin. Sun sayi hannun jarin a kan fam 1,800, ana biyan fam 200 duk shekara, mafi yawa da fatun wata dabbar ruwa mai laushin gashi da Turawa ke yin hula da shi.

Gwamnatin Masachusets kamfani ce tun asali. Takardar izinin da sarki ya bayar a watan Maris na 1629 ta kamfanin kasuwanci ce: gwamna, mataimakinsa, mashawarta 18 waɗanda su ne suka zama alƙalai, da taron masu hannun jari sau huɗu a shekara. Takardar ba ta faɗi garin da za a riƙa taron ba. Winthrop da abokansa suka ga ƙofa, suka naɗe takardar suka tafi da ita ƙetaren teku, inda idon sarki ba ya kaiwa. Masu hannun jarin da suka yi ƙaurar ba su kai ashirin ba, ke nan a doka mutum ƙalilan ne ke da ikon mulkar kowa. A watan Mayu na 1631 aka shigar da maza sama da 100 cikin masu ƙuri'a, tare da sharaɗin da zai zame musu ƙarfen ƙafa: daga ranar, sai cikakken ɗan coci ke da ƙuri'a.

Ba a yi shekara ba talakawa suka fara ja. A 1632 alƙalai suka aza harajin fam 60 don kafa shingen tsaro, rabon garin Watertown fam 8. Limamin garin, George Phillips, ya tara mutanensa ya ce biyan kuɗin da ba a shawarce su a kai ba hanya ce ta jefa kansu da jikokinsu cikin bauta. Aka kira su Boston, aka yi musu faɗa, suka ba da haƙuri suka biya. Amma a wannan shekarar aka yarda kowane gari ya turo mutum biyu a riƙa shawara da su kan haraji. A 1634 wakilan suka ce a fito musu da takardar sarki su karanta da idonsu. Da suka karanta suka ga ashe ikon yin doka na taron masu ƙuri'a ne gaba ɗaya, ba na alƙalai kaɗai ba kamar yadda ake yi. A zaɓen watan Mayu suka sauke Winthrop, mutumin da ya zuba dukiyarsa a cikin ƙaurar, suka ɗora Thomas Dudley. Sun sake dawo da shi daga baya sau da yawa, har ya mutu a kan kujerar a 1649, amma ya san wa'adinsa shekara ɗaya ne. Yadda ake zaɓen alƙalai ma abin lura ne. Dokar 1643 ta ce a kira sunan ɗan takara, kowane mai ƙuri'a ya jefa ƙwayar masara idan ya yarda, ƙwayar wake idan bai yarda ba. Ba sai ka iya rubutu ba, kuma na kusa da kai bai san abin da ka dunƙula a hannu ba.

Gardamar da ta fi nauyi ita ce ta rubuta doka. Winthrop bai so ba. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, ƙasa sabuwa ce, gara a bar alƙalai masu tsoron Allah su riƙa duba kowace shari'a da yanayinta, doka ta tsiro daga hukunce-hukunce. Ta biyu, takardar sarki ta hana yin dokar da ta saɓa wa ta Ingila, idan aka rubuta an miƙa wa maƙiya a Landan hujja a hannu. Hujja ta biyu tana da ƙarfi, domin daga ƙarshe irin wannan zargin ne ya ci takardar. Amma wakilai sun ga abin da shi bai gani daga kan kujerarsa ba: laifi ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon wanda ya aikata da wanda ya yi shari'ar. Suka yi ta matsawa tun 1635, sai a 1641 aka amince da kundin da Nathaniel Ward ya tsara, tsohon lauya da ya koma limami. Kundin ya ce ba a taɓa ran mutum ko mutuncinsa ko dukiyarsa sai da dokar da aka riga aka shelanta. Ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya. Bulala ba ta wuce arba'in. Hukuncin kisa sai da shaidu biyu ko uku. Miji ba ya dukan matarsa. Baran da ubangidansa ya fasa masa ido ko ya cire masa haƙori ya 'yantu, wanda ya yi shekara bakwai yana hidima ba a sallamarsa hannu rabbana. Har dabba an hana a zalunta, mai kora shanu tafiya mai nisa yana da damar tsayawa su huta su yi kiwo a filin da ba gona ba. A cikin kundin nan kuma akwai laifuffuka 12 na kisa, kusan kowanne da ayar Attaura a gefensa, har da saɓo da maita, akwai kuma sashen da ya halatta bautar da fursunonin yaƙi da baƙin da aka sayar. A 1648 aka buga dokokin cikin littafi, a jere bisa haruffa, don manomi ya iya nemo abin da ya shafe shi.

Masu cewa mulkin limamai ne su ma ba su yi daidai ba. Limami ba ya riƙe muƙamin gwamnati. Babu kotun coci irin ta Ingila. Aure ma alƙali ke ɗaurawa, domin sun ɗauke shi yarjejeniya ce ta zaman duniya, kuma ana iya raba shi idan an yi zina ko miji ya gudu. Kundin 1641 ya ce korar mutum daga coci ba ta sauke shi daga muƙaminsa. Sai dai alƙali shi ke tilasta wa kowa zuwa ibada, wanda ya ƙi ya biya tarar sule biyar, kuma da wuya a yanke babban al'amari ba a nemi bakin limamai ba. Takobi na hannun alƙali, amma kunnensa na wajen mumbari.

Rayuwar yau da kullum a gari take, gari kuwa ba ya tsirowa da ka. Iyalai su taru su roƙi Babbar Majalisa fili, sau da yawa mil shida tsawo mil shida faɗi. Su sa hannu a alkawarin zaman tare, kamar yadda mutanen Dedham suka yi a 1636. Sannan a fitar da filin zauren ibada da makiyayar gari a tsakiya, a yanka filayen gidaje a kewaye, a raba gonaki dogaye sirara, da fadamar ciyawa, da dajin itace, gwargwadon yawan iyali da dukiya da matsayi. Fadamar ciyawa ta fi gona tsada a idonsu, domin saniyar da ba a yanka mata ciyawa aka busar aka adana ba, ba za ta ga ƙarshen hunturu ba. Taron gari ke zaɓen dattawan da za su tafiyar da al'amura, waɗanda doka ta ce kada su wuce tara, da ɗan doka mai karɓar haraji, da mai duba shinge, da mai tabbatar da an sa wa kowane alade zobe a hanci don kada ya tone gonar maƙwabci. Baƙon da ake tsoron zai zama nauyi a kan gari ana ba shi gargaɗin ya ƙara gaba. A 1635 aka yi dokar kada a gina gida fiye da rabin mil daga zauren ibada. Shekara biyar ta yi aka soke ta, saboda manomi ba zai riƙa tafiyar awa guda zuwa gonarsa don a ji daɗin sa masa ido ba.

Gidajen farko ɗaki ɗaya ne ko biyu, rufin ciyawa, bututun hayaƙi na itace da aka yaɓe da laka. Idan lakar ta bushe ta tsage, tartsatsi ya sami itace, daga nan sai jinka. Gobara ta yi ta cin gidaje har aka hana irin wannan ginin. Gida ɗaya kan ƙone itacen da ya kai eka guda na daji a shekara, shi ya sa kafin 1640 Boston ta riga ta shiga ƙarancin itace. Alkama ta yi ta kamuwa da cuta daga shekarun 1660, burodin talaka ya koma na garin masara gauraye da wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi. Ranar hutu tana farawa daga faɗuwar ranar Asabar. Wa'azi biyu, safe da yamma, kowanne awa ɗaya zuwa biyu, a zauren da ba a hura wuta, maza gefe mata gefe, kujera gwargwadon shekaru da dukiya, kuma rabon kujerun nan ya haddasa gaba a garuruwa da dama. Duk da wannan wahala sun fi 'yan'uwansu na Ingila da na mazaunin Bajiniya da ke kudu da su lafiya: ruwa mai tsabta, gidaje a warwatse, sanyi mai kashe sauro. Mazan da suka kafa garin Andover sun kai wajen shekara saba'in a matsakaici, gida mai 'ya'ya bakwai ko takwas kuwa ba abin mamaki ba ne.

Kasuwa ce ta fara nuna musu iyakar doka. A 1630 aka ce kafinta da magini kada su karɓi fiye da sule biyu a wuni. Ma'aikata kaɗan ne, fili ga shi nan kyauta, sai suka riƙa ajiye kayan aiki suna komawa noma, ko su tafi garin da ake kau da kai. A 1636 majalisa ta sakar wa garuruwa maganar. Kyaftin Keayne ɗin nan mai alade, a 1639 aka ci shi tarar fam 200, aka rage daga baya, saboda cin ribar da ta wuce sisi a kowane sule a kan kaya irin ƙusa da linzami. Ya tsaya gaban coci ya yi kuka ya nemi gafara, amma bai haɗiye ba: wasiyyar da ya rubuta a 1653 ta kai kalma wajen 50,000, mafi yawanta kare kansa yake yi. Wannan tsohon haushin ne ya sa talakawa suka yarda da matar Sherman tun ba su ji shaida ba, kuma a gaskiya shaidar da ke hannu ta fi karkata ga attajirin. Da yaƙin basasa ya tunkaro Ingila a 1640 baƙi suka daina zuwa, saniyar fam 20 ta koma fam 5. Abin da ya fisshe su shi ne busasshen kifi da katako da jiragen ruwa zuwa Sifen da tsibiran Karibiyan, inda ake ciyar da bayin gonakin rake da kifin da ya fi lalacewa.

Makaranta kuwa sun yi abin a yaba. A 1636, shekara shida da sauka, majalisa ta ware fam 400 don kwalejin da ta zama Harvard. Dokar 1647 ta ce garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin karatu da rubutu, wanda ya kai gida 100 ya buɗe makarantar share fagen shiga kwaleji, wanda ya ƙi ya biya tarar fam 5. Dalilinsu na addini ne, kowa ya karanta Littafi da kansa. Wasu garuruwa sun ga tarar ta fi albashin malami araha suka riƙa biyanta. Amma wanda ya iya karanta Littafi ya iya karanta takardar sarki, kamar yadda Winthrop ya gani a 1634.

Yanzu ga shingen, wato sharaɗin nan na zama ɗan coci. Zama cikakken ɗan coci ba rajista ba ce. Dattawa su gana da kai a keɓe, a shelanta sunanka ko akwai mai ƙorafi a kan halinka, sannan ka tsaya gaban jama'a ka ba da labarin yadda ka ji rahamar Allah ta sauka a zuciyarka, a yi maka tambayoyi, a kaɗa ƙuri'a. Waɗanda suka bar gida da dukiya suka ƙetare teku suna da labarin da za su bayar. 'Ya'yansu da aka haifa a cikin abin, masu zuwa ibada, masu gaskiya, da yawa ba su ji komai ba kuma sun ƙi yin ƙarya. Ga su manya, suna biyan haraji, suna fita yaƙi, ba su da ƙuri'ar zaɓen gwamna, kuma ba za a yi wa jariransu baftisma ba. Da Robert Child da wasu mutum shida suka rubuta koke a 1646 suna neman haƙƙin waɗanda ba 'yan coci ba, tara aka ci su. A 1647 aka sassauta a matakin gari, a 1662 kuma limamai suka ƙirƙiro rabin zama ɗan coci don a sami yi wa jikoki baftisma. Gwajin da aka kafa don tace masu gaskiya ya koma yana hukunta mai gaskiya, yana saka wa mai iya baki.

Laifi tudu ne. Mutanen da suka gudo daga Laud su ne suka yanke wa Roger Williams hukuncin kora a watan Oktoba na 1635, saboda ya ce alƙali ba shi da iko a kan abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, kuma sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ba tasa ba. Ya tsere cikin dusar ƙanƙara, 'yan asalin ƙasar suka ba shi mafaka, ya kafa Providence. Anne Hutchinson, unguwarzoma mai tara mata a gidanta ana bitar wa'azi, aka gurfanar da ita a 1637 aka kore ta. 'Yan ɗariƙar Kweka aka bi su da bulala da yanke kunne, sannan aka rataye huɗu a Boston tsakanin 1659 da 1661, har da mace, Mary Dyer. Wanda ya tsayar da ratayar shi ne Charles na Biyu, ɗan sarkin da suka gudu dominsa. Akan ce kada a auna su da mudun yau, zamanin ne haka, Turai ma tana cikin yaƙin addini na shekara talatin. Na yarda da rabin maganar. Amma Williams ɗan zamaninsu ne, karatunsu ɗaya, aƙidarsu kusan ɗaya, kuma mazauninsa na Rhode Island ya rayu ba tare da tilasta wa kowa ibada ba, har sarki ya tabbatar da haka a takardar 1663. Connecticut ma, da Thomas Hooker ya jagoranci kafawa a 1636, ba ta rubuta sharaɗin zama ɗan coci a tsarinta na 1639 ba. Sun ga wata hanyar da idonsu suka ƙi ta.

Waɗanda ke can bayan shingen gaba ɗaya su ne masu ƙasar. Winthrop ya kafa hujja cewa filin da ba a kewaye ba, ba a kiwon dabba a kai, ba mallakar kowa ba ne. Duk wanda ya san rigimar shanu da gona zai gane abin da ya biyo baya. A Ingila mai dabba ke killace dabbarsa. A nan, don ƙarancin ma'aikata, sai aka juya: dabba ta yi yawo, mai gona ya yi shinge. Shanu suka riƙa tattake masarar 'yan ƙasa, aladu suna tone rumbunansu na cikin ƙasa, idan mutum ya harbe aladen da ya cinye masa abincin shekara, kotun baƙi ce za ta yi masa shari'a. A ranar 26 ga Mayu 1637 dakarun John Mason da John Underhill suka kewaye ƙauyen ƙabilar Pequot a bakin kogin Mystic suka cinna masa wuta, mutum aƙalla 400 suka mutu, mafi yawa mata da yara da tsofaffi. An sayar da wasu fursunonin a tsibirai, jirgin da ya kai su ya dawo a 1638 da bayi 'yan Afirka. A yaƙin 1675 zuwa 1676 aka kashe shugaban 'yan ƙasar, Metacom, ɗan Massasoit wanda ya ƙulla amana da mutanen Plymouth a 1621 lokacin da suke mutuwa da yunwa. Aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth sama da shekara ashirin, aka sayar da matarsa da ɗansa. 'Yan ƙasar da suka karɓi Kiristanci a hannun John Eliot, wanda ya fassara musu Littafi Mai Tsarki a 1663, su ma ba su tsira ba, an kwashe su zuwa tsibirin Deer cikin hunturu, da yawa suka mutu a can.

Shari'ar maita da aka yi a garin Salem a 1692 ta zo ne bayan Landan ta soke takardar izinin a 1684, tsofaffin kotuna sun rushe, sabuwar takardar 1691 ta mayar da sharaɗin ƙuri'a kan dukiya maimakon coci. Kafin nan an sha kawo ƙarar maita, mafi yawa kotu na sallamar wanda ake zargi saboda ƙa'idar shaidu biyu tana da wuyar cikawa. Kotun musamman da Gwamna William Phips ya kafa, ƙarƙashin William Stoughton, ta karɓi shaidar kurwa: yarinya ta faɗi tana birgima ta ce ga kurwar wance tana shaƙe ta, ba wanda ke gani sai ita, a rubuta a matsayin hujja. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu sai a bar shi da rai, wanda ya dage cewa shi ba maye ba ne a rataye shi. Mutum 19 aka rataye, aka danne tsoho Giles Corey da duwatsu har ya mutu don ya ƙi amsa tuhuma. A watan Oktoba, bayan limami Increase Mather ya rubuta cewa gara mayu goma su kuɓuta da a kashe marar laifi ɗaya, Phips ya rusa kotun.

A watan Janairu na 1697, ranar azumin tuba da gwamnati ta sa, ɗaya daga cikin alƙalan kotun, Samuel Sewall, ya miƙa wa limaminsa takarda a zauren ibada na Boston, ya miƙe tsaye a gaban jama'a har aka gama karanta ta, yana ɗaukar laifin da kunyar a kansa. A 1711 majalisa ta biya iyalan waɗanda abin ya shafa diyyar fam 578. Stoughton bai taɓa neman gafara ba, ya mutu a 1701 yana riƙe da kujerar gwamna, kuma akwai gari mai sunansa a kudu da Boston.